Sawun Sanda a Rijiyar Fakku

"Ba zan rubuta ba, Dakta."

Zulfa ta faɗi haka waya na manne a kunnenta, tana tsaye a bakin shingen rijiyar burtsatse ta Fakku, mutanen gari sun yi mata zobe. A can Sakkwato, Dakta Nasiruddeen, shugaban aikin binciken da take yi a ƙarƙashinsa, ya yi kamar bai ji ba. Sannan ya maimaita umarninsa a hankali, yadda ake yi wa mai taurin kai.

"Ki rubuta cewa makiyaya sun sace allunan. Ki kwance sauran, ku dawo ke da Mu'awiya. Masu ɗaukar nauyin aikin nan suna tafe ranar Litinin, ba na son su tarar da hayaniya."

"Ban ga makiyayi ya ɗauka ba, ranka ya daɗe. Abin da na gani shi zan rubuta."

"Ki tuna a hannun wa takardar digirinki take."

"Ina sane."

Ya kashe wayar.

Abin da ya ɓace ba manyan farantan solar da ke juya injin rijiyar ba ne, waɗannan suna nan ko ƙwarzane babu. Ƙananan alluna ne na gwaji, kowanne bai wuce allon karatu ba. An yi su da wani sinadari mai suna ferobiskait, wanda ke mai da hasken rana wuta sosai, ga sauƙin haɗawa. Aibinsa shi ne ba ya jure zafi da laima. Da zarar danshi ya sami hanyar shiga, baƙin allon sai ya koma rawaya, wutarsa ta mutu. Don haka aka kawo su nan, inda rana ba ta wasa, a ga wane danƙo ne zai toshe gefensu har su ƙetare damina. Rabi an liƙe su da danƙon Dakta, garau kamar gilashi, wanda sunan aikin gaba ɗaya ya rataya a kansa. Sauran an liƙe su da nata, baƙi mai kauri marar kyan gani, wanda aka yarda ta gwada don ta daina damun mutane da magana. An jera su a kan ƙarfe, ɗaya nasa, ɗaya nata.

Yanzu jerin ya koma kamar bakin tsoho, haƙori nan, giɓi nan. Na Dakta ne duka babu.

"Abin a fili yake," in ji Mu'awiya, ma'aikacin ɗakin gwajinsu, wanda ya tsare aikin a makon da ta je Sanyinna duba mahaifiyarta. Yana zaune a kan bulo, ya miƙe ƙafafu cikin silifa. "Ɓarawo mai sheƙi yake so. Wa zai ɗauki naki masu baƙin baki?"

Mutane suka yi dariya. Zulfa ba ta yi ba.

*

Ɗangiwa, shugaban 'yan bangan garin, tuni ya gama nasa binciken. Tun da asuba ya kamo Bube, makiyayin da ke shayar da shanunsa a kwamin rijiyar, ya kulle shi a ɗakin 'yan banga. Ya kuma yanke magana: idan rana ta faɗi kayan ba su fito ba, za a miƙa Bube ga hukuma a Kebbe, a hana rugarsa ruwan rijiyar. Ruwan farko ne kawai ya sauka a makon nan, tafkuna ba su tara komai ba. Hana su rijiya daidai yake da korarsu daga ƙasar da aka haife su.

"Malama, mi kika nema kuma?" in ji Ɗangiwa. "Ga sawu nan kwance. Takalmin roba, ga sanda. Wa ka yawo da su in ba mutanen ruga ba?"

"Baba, ka ba ni zuwa la'asar."

"In ba ki ki yi mi? Wanga ba aikin biro ba ne."

Wani tsoho daga baya ya ce, "Bar ta, Ɗangiwa. Ɗiyar Almu ce na Sanyinna."

Wurin ya ɗan lafa. Daga Dogon Daji har Kebbe babu wanda aka taɓa kora wa shanu da bai san marigayi Almu mai bin sawu ba. Allah bai ba shi ɗa namiji da wuri ba, sai ya riƙa jan Zulfa cikin daji tun kafin ta shiga makaranta, yana nuna mata ƙasa da tsinke. Dangi sun yi ta surutu a lokacin, kamar yadda suka sake yi da ta tafi jami'a. Ta ji duka, ba ta fasa ko ɗaya ba.

Ta tattare bakin hijabinta ta tsuguna. Ruwan da aka yi ya bar ƙasa da laushi, sawun ya fito tsaf. Takalmin roba ne irin na makiyaya, zanen ƙasansa duk ya fito, babu inda ya suɗe. Kusa da kowane takun dama akwai ɗan rami zagayayye, inda gindin sanda ya nitse. Ta bi ramukan da ido har suka fita daga shinge suka nufi yamma. Ba su tsallake ko sau ɗaya ba.

Ta koma wajen ƙarfen. Ba a fizge wayoyin wutar ba, an zare su ne. A ƙasan kowane giɓi kuma, inda ruwa ya gangaro ya bushe, akwai wani siririn layi rawaya.

Ɗangiwa ya leƙo ta kafaɗarta. "Garin ɗorowa ne wanga. Kulu! Ita ka shanya ɗorowa jikin shingen nan. Ashe su biyu ne."

*

Sun sami Kulu a ƙofar gidanta tana dakan ɗorowa, hannayenta rawaya har gwiwa, zanenta ma haka. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa, bakinta ya fi taɓaryarta nauyi.

"Ni nis saci madubin Malama? In yi mi da shi, in duba wanga fuska? Ɗangiwa, tun kana yawo ba wando nika ba ka ɗorowa kyauta. Yau ni ka zo kamawa?"

"Inna, ba wanda zai kama ki," in ji Zulfa. "Ɗan garin nike so."

"Ɗebi, ɗiyata. Shi kau ko ƙwara kada ki ba shi."

Zulfa ta ɗebo a takarda, suka koma rijiya. Ta zuba kaɗan a kan ƙarfen, nesa kaɗan da layin rawayan, ta ce a dakata. Ba a jima ba kiyashi suka hau ƙarfen a jere, suka rufe garin Kulu. Layin da ke ƙasan giɓin kuwa suka kewaye shi, ko ɗaya bai tsaya ba.

"Ɗorowa zaƙi gare ta," ta ce. "Wannan babu abin da kiyashi zai ci a cikinsa. Kada kowa ya taɓa shi, akwai dalma a ciki."

Da jin dalma mutane suka ja baya. A wannan yanki ba sai an yi wa kowa bayanin gubar dalma ba.

Zulfa ta san rawayan nan. Ta sha ganinsa a ɗakin gwaji, ranar da allo ya mutu. Abin da bai shiga kanta ba shi ne, duk makon nan Mu'awiya yana gaya mata a waya cewa komai lafiya.

*

Bube na zaune a ƙasa a ɗakin 'yan banga, dattijo siriri, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Da ta gaishe shi ya amsa cikin natsuwa, har ya tambaye ta jikin mahaifiyarta.

"Baffa, jiya ka zo rijiya?"

"Na zo da marece, kamar kullum. Munka sha, munka koma."

"Ka shiga shinge?"

"In shiga in ɗauki mi? Shanu ba su cin madubi." Ya dube ta. "Malama, ni ba ni jin tsoron Kebbe. Shanun ne. Tun safe ba su sha ba, kuma akwai masu shayarwa."

Ta nemi a nuna mata takalminsa. Tsoho ne, ƙasansa ya suɗe kamar tafin hannu. Ɗangiwa ya ce wannan ba hujja ba ce, mutum yana iya ɓoye sabo. Ta yarda da shi. Ta ɗauki sandar Bube da aka jingine a lungu, ta juya ta. Tsakiyarta ta yi baƙi tana ƙyalli saboda gumi da maiƙo. Gindinta kuwa a bushe yake, babu ko ɗigon laka.

Ta mayar da ita inda take.

*

Saura Namadi, mai kula da rijiyar, wanda mabuɗin shinge ke hannunsa. Shi ne mai wanke manyan farantan kowace safiya, kuma tun farko zuciyar Zulfa ta ɗarsa cewa ko ya haɗa da ƙananan ya kankare danƙonsu, tsoro ya sa ya ɓoye. Da ta tambaye shi sai ya dafe ƙirji.

"Wallahi tun randa kinka hana ni ban taɓa su ba. Ko gani ma ban yi musu ba kwanan nan."

"Kamar yaya? Ba kullum kake wurin ba?"

"Ai rufe suke. Washegarin ruwa Malam Mu'awiya yal lulluɓe su da tamfol. Nic ce mishi, Malam, abin da aka kawo don shi sha rana shi ne za a yi wa rumfa? Yac ce mini ilimi ne, ba ni ganewa. Ni kau nib bar shi da iliminai."

"Mabuɗi nawa ne?"

"Nawa, da wanda ke hannunku ku ma'aikata."

Zulfa ta san a hannun wa ta bar wancan mabuɗin. Mu'awiya ne ya koya mata riƙe kwalbar gwaji a shekararta ta farko, lokacin da sauran mazan ke jiran ta fasa wani abu su yi dariya.

*

Ta bi sawun da tsakar rana, Ɗangiwa na biye da ita yana sharce gumi. Suka ratsa gonakin da aka share ana jiran shuka, suka bi ta gefen rugar su Bube. A nan Ɗangiwa ya yi gyaran murya mai ma'ana. Amma sawun bai shiga rugar ba. Ya yi kusa da ita yadda duk mai bi zai zarge ta, sannan ya karkata ya gangara wani kwazazzabo.

Tun kafin nan ta lura takun ya canja. Diddigen hagu ya daina nitsewa, mai tafiyar ya koma taka ƙasa da yatsu. Sabon takalmin roba ya fara cin ƙafar da ba ta saba da shi ba.

A gindin wata sabara, can sama da inda ruwa ke bi, ƙasa ta yi sabon tudu an watsa mata ganye. Ɗangiwa ya kai hannu zai tona, ta tare shi, ta ciro safar hannu daga jakarta ta tona da kanta. Ta fara cin karo da takalmin, sabo fil. A ƙarƙashinsa ga allunan.

Ba a watsa su ba. Kowanne yana cikin ledarsa, an naɗe, an liƙe bakin da salatif, sannan an haɗa su cikin babbar leda an sake liƙewa. Ta cikin ledar tana ganin fuskokinsu, rawaya kamar ƙwaiduwa.

"Ikon Allah," in ji Ɗangiwa. "Ɓarawo ya yi sata ya yi wa kayan likkafani?"

Zulfa tana kallon bakin salatif ɗin. A ƙarshen kowane yanki an lanƙwasa ɗan kunne.

*

Bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan Maigari. Aka fito da Bube. Kulu ta zo da rawayanta, Namadi da mabuɗinsa, Mu'awiya ya zauna a gefen tabarma. Zulfa ta ajiye buhu a gabanta ba ta buɗe ba.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba Baffa Bube sandarsa, ya je gindin darbejiyar can ya dawo."

Maigari ya ɗaga hannu. Bube ya karɓi sandar cikin rashin fahimta, ya miƙe. Ko taku biyu bai yi ba ya ɗora ta a bayan wuya, ya rataya hannuwansa biyu a kanta, ya tafi yana rangaji kamar yana bayan garke. Haka ya je, haka ya dawo.

"Wa ya taɓa ganin makiyayi yana dogara sanda kamar mai ciwon gwiwa?" in ji Zulfa. "A kafaɗa take zama, sai za a kora dabba ta sauko. Wanda ya shiga shingen nan kuwa duk taku sai ya soka ta a ƙasa, don yana son a ga sawun sanda. Ya san makiyayi yana da sanda. Bai san yadda yake riƙe ta ba."

Aka fara gunaguni. Wani ya yi dariya, ya ce wallahi haka ne, shi bai taɓa lura ba. Kulu ta dubi Ɗangiwa ta ce, "Kai da ka girma cikin shanu."

"To wa ne ne?" in ji Maigari.

Zulfa ta ciro wata leda mai ɗauke da ƙasar da ta kankaro daga ƙarƙashin ƙarfen, da naɗin salatif. Ta miƙa wa Mu'awiya.

"Yaya Mu'awiya, taimaka ka liƙe mini wannan, akwai dalma a ciki. Hannuna ya ɓaci."

Ya karɓa ba tare da tunani ba. Ya naɗe bakin ledar, ya ja salatif, ya yanke, ya lanƙwasa ɗan kunne a ƙarshe da babban yatsa. Hannu ne ya yi aikin da ya saba.

Sai ta buɗe buhun, ta jera allunan a tabarma kusa da ledar da ya liƙe. Kunnen nan iri ɗaya ne a kan kowacce.

"Mu masu aiki da safar hannu ba ma iya ɓanɓare salatif da farce," ta ce. "Shi ya sa muke barin kunne. A garin nan mu biyu ne muke yin haka, ni da wanda ya koya mini. Takalmin da aka binne da su ya fi ƙafata nesa ba kusa ba. Kuma wanda ya sa shi jiya, ya ci masa diddigen hagu."

Idanu suka sauka kan ƙafafun Mu'awiya. Ya janye ta hagun ƙarƙashin riga, sannan ya ga babu amfani, ya mayar da ita. Ga ɓawon ciwo nan ja a diddige.

Ya sunkuyar da kai ya fara magana.

"Washegarin ruwa na tarar sun fara rawaya daga gefe. Kafin kwana biyu sun mutu. Na kira Dakta. Ya ce kada baƙi su ga rawaya, in san yadda zan yi. Bai ce in yi haka ba, ni na tsara. Na ɗauka za a ce an sace, a yi kwana biyu ana magana, a manta." Ya ɗago ya dubi Bube. "Ban zaci za a kama kowa ba."

"Ka sa takalminmu, ka bi ta ƙofar rugarmu," in ji Bube a hankali. "Wa kaz zaci za a kama?"



Ɗangiwa ya miƙe yana huci, ya ce a ba shi Mu'awiya. Zulfa ta ce, "Baba, ka dubi yadda ya naɗe su, ka dubi inda ya binne su, sama da hanyar ruwa. Ya yi ƙarya, amma bai yarda dalma ta shiga ruwanku ba. A sa wannan ma a ma'auni." Maigari ya gyaɗa kai, ya ce maganar Mu'awiya tasa ce da hukuma, ba ta 'yan banga ba. Sannan ya juya ga Ɗangiwa ya ce akwai wanda yake bin sa ban haƙuri a bainar jama'a.

Ɗangiwa ya tsaya yana murza hula. Da ƙyar ya ce, "Bube, ka yi haƙuri."

"Na yi. A buɗe mini kwami."

*

Kafin magariba shanun suka iso. Namadi ya saki ruwa, suka jeru a kwamin suna sha ba ɗaga kai, maruƙa na kutsawa tsakanin ƙafafu. Bube na tsaye a bayansu, sanda a wuya. Kulu ta aiko wa Zulfa ƙullin daddawa, ta ce a gaya mata kada ta ba Ɗangiwa ko ɗanɗano.

Zulfa ta shiga shinge da na'urar awo, ta bi allunanta ɗaya bayan ɗaya. Baƙi ƙirin suke, kamar ranar da aka kafa su. Sun sha zafin bazara, sun sha ruwan farko, wutar da suke bayarwa ba ta ragu ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ta zauna a kan bulo. Sai ta tura rahotonta ga Dakta da duk waɗanda dokar aikin ta ce a tura wa: danƙo mai haske ya sha ruwa, baƙin ya riƙe, babu makiyayin da ya taɓa komai.

Wayar ba ta jima ba ta yi ƙara.

"Kin san abin da kika yi?" Muryarsa a sanyaye take.

"Na sani, Dakta."

"Daga yau ba kya cikin aikina. Allunan kayan cibiyar bincike ne, za a zo a kwashe, har da naki. Ki nemi wani ya duba miki digirin, in kin samu."

"To, ranka ya daɗe. Allah ya huta gajiya."

Ta sa wayar a jaka. Bube ya matso bakin shingen, ya ga fuskarta.

"Lafiya, Malama?"

"Lafiya lau, Baffa. Sun ƙoshi?"

"Sun ƙoshi."

Ranar Litinin mota ta zo ta kwashe allunan. Zulfa da kanta ta naɗe nata, ta liƙe, ta bar wa kowanne kunnensa. Rugar Bube ta ci gaba da shan ruwa a Fakku. Ita kuwa ta rasa wurinta a ɗakin gwaji, ta rasa allunan da ta ƙare ƙuruciyar karatunta a kansu, digirin da take gab da kammalawa ya koma farko. Ta hau mashin zuwa Sanyinna da jakarta da ƙullin daddawa, ta san yadda ake haɗa baƙin danƙon nan, kuma wannan ba ya cikin kayan da mota ta ɗauka.